Ranar da Hajiya ta zaɓi adaidaita sahu

Abin da ya shiga tsakanina da surukata bai fi gwangwanin madara girma ba. Bushin ake ce masa. Roba ce mai rami a tsakiya, an cusa mata bututun ƙarfe, aikinta ta zauna a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota, ta shanye bugun da hanya ta aiko kafin ya iso ƙugun mutum. Ba mai tunawa da ita sai ta mutu.

Motata BMW ce, 330i, cikin zuriyar E46 da Jamusawa suka ƙera tsakanin 1998 da 2006. Silinda shida a jere, lita uku, ƙarfin doki 231, kuma da tayoyin baya take tura kanta. Beljiyam ce, ta Kwatano ta shigo, ta sha ƙanƙarar Turai kafin ta zo ta sha ranar Kano. Da tafiya ta yi tafiya sai bayanta ya fara rangaji. In na taka totur ta karkata dama, in na ɗaga ƙafa ta dawo hagu, ga tayoyin baya suna cinyewa ta ciki.

Bakanikena ya shiga ƙarƙashi, ya zura ƙarfe ya ɓanɓara, ya fito yana goge hannu.

"Alhaji, bushin ɗin baya sun gama aiki. Uku ne a gabanka. Akwai Beljiyam, a ciro maka daga jikin wata a Ƙofar Ruwa. Akwai sabo a kwali, amma kwalin kaɗai zan iya rantse maka a kansa. Akwai kuma na taya."

Na taya shi ne wanda ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota, a fere shi da wuƙa, a buga shi da guduma har ya zauna. Kada ka raina shi. Golf da Sharon nawa ne suke kai mutane Haɗeja su dawo a kansa? Amma ni a lokacin na wuce nan. Na kwana ina kallon Turawa suna zagaya Nürburgring, filin tseren nan na Jamus mai tsawon kilomita ashirin da ɗoriya, kuma kowannensu in ya sauko sai ya ce sirrin yana cikin bushin.

Sai na zauna a kan bencin gareji na karanta wa Oga bakanike darasi. Na ce roba ta tsofaffi ce. Akwai poliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa a Jamus a 1937, ba ya ruɓewa da mai, ba ya saki da wuri. Ana auna taurinsa da ma'aunin Shore: fatar tayar mota tana wajen 60 zuwa 70, poliyuretan na yawon gari 80, na filin tsere 95. Sama da shi akwai Delrin, robar nan mai tauri da DuPont ya fito da ita kasuwa a 1960, sama da wannan kuma sai alminiyum zalla, wato ƙarfe ya gaisa da ƙarfe ba ɗan aike.

Oga ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Allah ya ƙara ilimi. To a ina za ka yi tseren?"

Ban ga amfanin amsa wannan tambaya ba. Na kira ɗan ƙanwar babata da ke karatu a Ingila, na ce ya sayo min cikakken saiti. Ya ce kala biyu ne, mai laushi-laushi da baƙi, kuma a jikin kwalin baƙin an rubuta ɓaro-ɓaro na filin tsere ne. Na ce baƙin. Mutum zai biya kuɗin jirgi da na kwastan sannan ya sayi mai lamba ƙarama?

Ranar ɗaurawa aka ƙona tsofaffin da wuta, hayaƙi ya turnuƙe layin, aka zarce ragowar ƙarfen da zarto. A cikin kwalin akwai 'yan ƙananan ledoji na farin giris, wanda dole a shafe bushin da shi kafin a cusa. Dalilin shi ne bushin ɗin roba manne yake da ƙarfensa, murɗewa yake yi a cikin jikinsa, don haka ba ya kuka. Shi kuwa poliyuretan juyawa yake a kan bututun, in ba maiƙo sai ya yi magana. Na tafi sallar azahar na dawo na tarar an gama. Sai daga baya na lura ƙafar yaron garejin, wadda kaushi ya tsattsaga tun shigowar hunturu, tana ta sheƙi.

Gaskiya a faɗe ta, a kan titin Ahmadu Bello da na Audu Bako motar ta zama wata aba daban. Inda ka nuna mata nan take zuwa. Na sha kwanar Sultan Road ba tare da bayanta ya yi ko gezau ba, har na ji tausayin masu Corolla. Sai na karyo cikin Giginyu.

Wanda ya san unguwarmu ya san kwalta tana raka ka zuwa wani wuri ne ta yi maka sallama. Daga nan sai gargada, da guraben da ruwan damina ya ci, da tudun rage gudu da kowane mai gida yake ginawa a ƙofarsa gwargwadon fushinsa. A da ban san adadinsu ba. Yanzu ko murfin lemo na taka sai na ji shi a haƙorin gaba. Madubin tsakiya ya sunkuya da kansa. Kunun gyaɗar da uwargida ta riƙo a kula ya isa gida ta rufin mota.

"Yallaɓai," in ji ta, kuma ba ta kirana haka sai da dalili, "wannan gyaran aka yi, ko kuwa yanzu za a kai ta?"

Na bayyana mata cewa yanzu motar tana sanar da direba halin da hanya take ciki. Ta ce ai da ido ma ana gani.

Bayan 'yan kwanaki ƙurar hunturu ta samu hanyar shiga, kukan ya fara. Ƙiiƙ in na hau tudu, ƙiiƙ in na sauka, ƙiiƙ in mai nauyi ya zauna a baya. Yaran layi suka sa mata suna Zabuwa. Mai shayin bakin titi yana jin ta daga nesa yake fasa min ƙwai. Mafi muni, duk daren da na daɗe a majalisa, kafin na kashe fitila na lallaɓo uwargida ta riga ta duba agogo.

Ana haka bikin 'yar ƙanin surukata Hajiya ya taso a Gezawa, aka ce ni zan kai Hajiya, tunda ni ne surukin da ke da motar Jamus. Ta shiga baya ita da 'yarta, aka ɗora mata kiret biyu na ƙwai a cinya, aka jera alkaki da nakiya a but. Tsakanina da Hajiya akwai kunya irin ta da. Ba ta kama sunana, ni ma ba na haɗa ido da ita. Don haka da muka faɗa ramin farko ba ta ce min komai ba, salati kawai ta yi. A na biyu ta ja Hasbunallahu. Kafin mu fita titin Haɗeja ta shiga addu'o'in da ban taɓa ji ba sai a bakin masu rakiyar alhazai.

Daidai kasuwar 'Yankaba ta yi gyaran murya, ta dubi 'yarta.

"Ce wa yaron nan ya tsaya, zan sayi albasa."

Na tsaya. Ta fita a hankali, dafe da ƙugu, ba ta ko kalli albasa ba. Ta ɗaga hannu ta tare adaidaita sahu, ta yi ciniki har Gezawa ba ta nemi ragi ba. Da zai tashi ta leƙo ta ce, "Allah ya yi albarka. Ku taho da ƙwan, in akwai sauran wanda za a taho da shi."

Haka muka bi bayanta, doki 231 yana bin mai ƙafa uku, yana kuka.

Washegari Oga ya sa ni na kwanta a ƙarƙashin motar da kaina. Ya haska min inda gadon ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yake ɗaure da jikin mota, wuri huɗu. Ya ce irin wannan BMW an san ta da tsagewa a daidai nan, kuma bugun da roba ta daina shanyewa ba ɓacewa yake ba, nan yake tafiya. Ya nuna min bushin ɗin hannun da ke jan tayar baya, ya ce shi wannan ba sama da ƙasa kaɗai yake motsi ba, yana murɗawa gefe, in ka cika masa tauri sai ya cije. Duk wannan na karanta shi tun farko, kawai dai a ƙasan shafi yake.

Muka yi sulhu. Hannayen baya suka koma roba, kuma ya ƙi ɗaure notinsu sai da aka sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, don in an ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. Gadon ƙarfen aka sa masa mai lamba 80, ni da kaina na tsaya a kan giris ɗin har aka shafa. Har gobe ina nan a kan cewa baƙaƙen ba su da laifi. Giginyu ce ba ta kai matsayinsu ba.

Da yake kuɗi na zuba, ban yar da su ba. Na jera huɗu a ƙarƙashin janareta don su rage masa girgiza. Cikin dare maƙwabcina ya buga ƙofa, ya ce in zo in kama abina, ya tako har bakin kwata yana neman fita.