Ɗaki mai kallon fada

Tallan ya zo ta WhatsApp ana jibi Sallah: ɗaki a Birni, da kilim, da ruwan pampo, taga na kallon fadar Sarkin Damagaram. Jika goma kwana ɗaya.

Dillali bai yi ƙarya ba, wallahi. Kilim na nan a bango, ƙadangare ke haya a ciki. Pampo ma akwai. Ka murɗa, ya yi maka tsaki. To, garin da ƙishirwa ta taimaka wajen mayar da babban birni Yamai a 1926, wa zai tuhumi pampo ɗaya?

Fada kuwa ana ganinta sarai, in ka hau soro ka taka turmi.

"Alhaji, turmin fa kuɗinsa daban."

Mai zuwa kallon hawa, ya taho da jarkarsa.