Takarda zuwa ga Mai Girma Rauta, Sarkin Sanduna Huɗu

Takarda ta fito daga hannun talakanka, mazaunin Sharada, zuwa ga Mai Girma Rauta, akwatin intanet mai zaune bisa taga, mai fitilu masu ƙyaftawa, wanda ba a kai ƙararsa ko'ina. Gaisuwa mai yawa, da fatan ka kwana lafiya, tunda ni ban samu hakan ba.

Ranka ya daɗe, jiya bayan sallar isha'i ina tura wa wani mai sayen fata takardun lodi. Kaya na ɗaure a Challawa, direba na zaune a mota yana jiran a ce masa ya kama hanya. Takarda ta kai rabi, sai ka yi gum. Ɗaukewar ba ita ta ƙona min rai ba. Duk wanda ya zauna a Kano cikin Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, ya san ɗaukewa. Abin da ya hana ni barci shi ne sandunanka huɗu na tsaye ƙyam, kore shar, ina kallonka kana kallona, ko kunya babu.

A kan waɗannan sanduna na kawo ƙara.

Wani yaro mai gyaran kwamfuta a titin Beirut, Allah ya yi masa albarka, shi ya nuna min ƙofar bayan gidanka. Ya ce in kwafi lambobin da ke manne a gindinka, in buga su a waya, in shiga shafin da kake ajiye gaskiya. A can na tarar da lissafi iri biyu. Na farko ƙarfin sabis ne, wato yadda muryar ƙarfen sabis ke isowa ɗakina, kuma shi kaɗai kake zana min a goshinka. Na biyu an rubuta masa SINR, shi ne ratar da ke tsakanin wannan murya da hayaniyar da ke kewaye da ita. Mutum na iya tsayawa kusa da injin markaɗe yana kwarara maka ihu, ka ji muryarsa sarai, amma ba ka tsinci kalma ko ɗaya ba. Sandunanka ihun suke ƙirgawa. Ni kuwa kalmomin nake biya wa kuɗi.

Ana auna wannan rata da desibel, kuma ma'auni ne mai wayo: in ta ragu da 3, rabi ya tafi, in ta ragu da 10, kashi ɗaya cikin goma ya saura. Da asuba nakan same ka a 17, kana gudu, kowa a gidan yana yabonka. Jiya da dare ka sauka zuwa 3 ƙasa da sifili. Ragin 20 ke nan, wato sau 100, kuma ƙasa da sifili na nufin hayaniya ta fi muryar ƙarfi. Duk wannan rugujewa, sanda ko ɗaya ba ta rusuna ba. Allah ya ja zamaninka, ko ɗan siyasa bai kai ka iya riƙe fuska ba.

Na ji a Ingila, inda gidaje da dama suka daɗe suna shan intanet ta tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, rata 6 ake nema a kan layi, in ta yi ƙasa sai mai gida ya fara bincikar soket da fitilun maƙwabta. Mu ba mu gaji wannan wayar ba. Layukan NITEL, da aka kafa a 1985, ba su shiga yawancin gidajen Kano ba, kuma tun da wayar salula ta zo a 2001 muka haye iska gaba ɗaya. Ciwon dai iri ɗaya ne, sai dai namu ba shi da waya da za a bi da hannu a gano inda ta tsage.

Don kada a ce na yi maka zalunci, na bi waɗanda ake zargi. Na fara da wuta, domin a Sharada komai da ita ake farawa. Akwai agogo a cikinka mai ƙirga tsawon lokacin da ka yi a kunne. In ya koma sifili, to suma ka yi, ba sabis ne ya gudu ba. Na lura duk sanda mai waldan bayan layinmu ya ɗana wuta, ko wani injin roba ya tashi, ƙwan ɗaki kan yi ja, kai kuma ka sheme ka farfaɗo. Na saya maka ɗan batir mai ba da bolt 12 ba yankewa, gatan da firij ɗin uwargida bai samu ba. Suman ya tsaya. Lambar SINR ta dare kuwa ta ci gaba da zubewa, agogonka na tafiya lafiya lau.

Sai na koma kallon lambar ƙarfen da kake maƙale da shi, kuma a nan na kama ka dumu-dumu. Kai, Rauta, ashe yawon dare kake yi! Da rana kana tare da ƙarfen kusa. Dare na yi, mutanen Sharada da Ja'en sun dawo gida kowa ya buɗe TikTok, kowane ƙarfe na magana da iyakar ƙarfinsa, maganar wannan ta zama hayaniya ga wancan, sai ka saki na kusa ka ruga wani can nesa, minti kaɗan ka dawo, ka sake tafiya. Ka bar zangon sabis na 1800 ka faɗa na 800, wai don ya fi ratsa bango, alhali kowa ma can ya faɗa. Ga manyan sito-sito na kwano sun kewaye mu, sabis na dukan su yana dawowa ta ko'ina, kai kuma duk wanda ya ɗaga murya shi ne ubangidanka. Wane irin rashin alƙibla ne wannan? Wa ya aike ka? Kowace hijira taka sai ta yanke min abin da nake turawa, sannan ka dawo ka tsaya min da sanduna huɗu.

Na kira masu kula da abokan ciniki. Wata baiwar Allah mai ladabi ta tambaye ni sanda nawa nake gani. Na ce huɗu. Ta ce to sabis ɗina lafiya yake, in kashe in kunna. Ka ga sharrin da ka ja min: ka yi laifi, kuma kai ne shaida.

Sauran koke-koken ba zan ja su ba. An ƙara kuɗin data a farkon 2025, kai ba ka ƙara komai ba. Surukina na Bompai ya ja wayar intanet ta gilashi yana min dariya, har ranar da masu haƙar kwata suka datse ta. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, na yafe maka, don ranar kowa ya sha, har bankuna.

Ga hukunci. Ranar Asabar mai waldan nan zai haɗa min dogon ƙarfe, a matsayin diyyar sumar da ya riƙa sa ka. Za a ɗora eriya a sama da rufin sito, a juya ta ga ƙarfe ɗaya tak, yaron titin Beirut kuma zai kulle ka a zango ɗaya, ba fita ba shiga. Sandunanka zan rufe su da salatif. In bayan haka lambar dare ta sake sauka ƙasa da sifili, 'yan gwangwan na wucewa ta ƙofar gidana kowace safiya, kuma ba sa tambayar sarauta.

Naka mai biyan kuɗin wata,
Talakanka na Sharada.