Yabon Gwani Ya Zama Dole: Jinjina Ga Masu Hana Biza

Na gaji da jin mutanenmu suna zagin ofisoshin jakadancin Turai da Amurka a kan maganar biza. Wai suna wulaƙanta jama'a, wai suna cin kuɗin talakawa. Wannan butulci ya ishe ni haka. Yau sai na wanke bayin Allah nan tas, domin ni ganau ne, kuma ban taɓa cin karo da ma'aikata masu tausayi da hangen nesa irinsu ba.

Mu fara da basirarsu ta kasuwanci. A Kantin Kwari, in ka miƙa kuɗi dole a miƙo maka yadi, in babu kuma a maido maka da abinka. Wannan cinikin mutanen da ne, na waɗanda kansu bai waye ba. Su kuwa masu biza Allah Ya ba su fasahar sayar da kalmar "a'a", kuma da tsada. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar Shengen ta Turai ya tashi daga yuro 80 zuwa 90. Ta Amurka, ta ziyara, dala 185 ce tun 2023. Ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, da kuɗin inshorar da dole ta iya ɗaukar nauyin jinyar yuro 30,000, da kuɗin motar Abuja ko jirgin Legas, da na masauki. In an hana ka, ko sisi ba ya dawowa. Kakanninmu sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ai ka ga inda ƙarancin boko ya kai su. Ga masu ilimi nan sun nuna ana iya cin ladan, a bar kuturu da sumarsa, har ya dawo baɗi da wani ladan yana godiya.

A 2024 kusan rabin 'yan Nijeriya da suka nemi bizar Shengen hana su aka yi. Ka lissafa yuro 90 sau dubban mutane, ka ga irin martabar da aka ba mu. Shekara da shekaru ana yi mana gorin mu ne masu karɓar tallafi. To ga shi an buɗe mana ƙofar da mu ma za mu riƙa tallafa wa Turai, daga kuɗin adashe da na akuya. Wa ya taɓa ɗaukaka talaka haka?

Gwaggona tana cikin waɗanda suka samu wannan ɗaukaka. 'Yarta ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa ta Turawa, inda take kula da tsofaffinsu, ta ba su magani, ta juya su a gado, ta kwana a kansu. Ita kam da suka buƙace ta, takardunta ba su sha rana ba. Da ta kusa haihuwar fari sai Gwaggo ta ce za ta je ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, in an yi arba'in ta dawo ɗakinta. Ni na raka ta Abuja. Tun kafin assalatu muka kama layi a gindin wata katanga mai waya a samanta, irin wadda ake yi don kare mutuncin baƙi. Ba a ajiye ko benci ba, saboda sun san tsayuwa tana ƙara wa dattijai lafiyar gwiwa. Ba a shiga da waya, don haka wani yaro ya kafa tebur a tsallaken titi yana karɓar ajiya ana biyansa. Ka ga har aikin yi sun samar wa matasa.

Gwaggo ta sha sabuwar atamfa, ta rungume fayil kamar jinjiri. Sati uku muka yi muna haɗa shi: takardar gayyata, takardar asibiti, hoto mai farin bango wanda ba a yarda a yi murmushi a cikinsa ba, da bayanin asusun banki na wata shida. Aka ɗauki zanen yatsunta goma, abin da ita a saninta ɓarayi kaɗai ake yi wa. Sannan aka kira ta gaban wani gilashi mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke daraja lokacin mutane. Ganawar ba ta kai minti uku ba. Ba a ma wahalar da fayil ɗin da buɗewa ba. Aka turo mata wata takarda ta ƙarƙashin gilashi, an riga an buga ta tun kafin ta zo, saboda tsabar shiri.

Da ta fito ta miƙo mini, ta ce, "Ɗan nan, karanta mini. Yaushe ne tafiyar?"

Na ce, "Gwaggo, sun ce ba su gamsu za ki dawo ba. Wai ba ki da abin da ya ɗaure ki da gida."

Ta yi shiru, ta gyara mayafi. Can ta ce, "Jikokina goma sha ɗaya fa? Da kabarin Malam? Da awakina?"

Allah sarki, tsufa. Ba ta san cewa waɗannan duk ba dukiya ba ce. Jika ba ya fitowa a takardar banki, kabari ba shi da hatimi, gidan da ta shekara arba'in a cikinsa kuma gado ne, ba shi da takardar mallaka. Ma'aikacin nan, da kallo ɗaya, ya hango abin da mu danginta muka kasa gani: tsohuwa mai shekara sittin da bakwai, wadda ko Turancin gaisuwa ba ta iya ba, wadda sanyin hunturun Kano ma yake kwantar da ita, ashe shiri take ta ɓace cikin dusar ƙanƙara ta ƙwace wa 'yan ƙasa aiki. Irin wannan ilhama ba a koyar da ita a makaranta, baiwa ce.

Kada a ɗauka ra'ayin ma'aikaci ɗaya ne. Tsari ne mai tushe. Amurka ma rubuta shi ta yi ɓaro-ɓaro a dokarta ta shige da fice ta 1952, a sashe na 214b: duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne, har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. A kotu mai zargi ke kawo hujja, shi ya sa shari'a take jan lokaci. A nan an sauƙaƙa, kai ne mai laifi tun daga ƙofa, sai ka kawo shaidar abin da ke cikin zuciyarka. Fom ɗinsu ma cike yake da kyautata zato. Yana tambayarka ko kana da niyyar yin ta'addanci ko leƙen asiri, ko ka taɓa hannu a kisan ƙare-dangi, ka zaɓi e ko a'a. Sun yarda ɗan ta'adda mutum ne mai gaskiya da ba zai iya yi wa fom ƙarya ba. Tun 2019 kuma sukan nemi sunayen da ka yi amfani da su a Facebook da sauran shafukan sada zumunta na shekara biyar. Ɗan'uwanka na jini ma bai damu da abin da ka rubuta shekara biyar baya ba. Wannan in ba ƙauna ba, mene ne?

Masu gajeren tunani sukan ce don me suke zargin baƙo haka? To ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa sun san halin baƙo fiye da kowa. A 1824 Baturen nan Kilafaton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi, Waziri Giɗaɗo ya ɗauki ɗawainiyarsa. Ba a tambaye shi takardar banki ba. A 1851 Bajamushen nan Barth ya shigo Kano yana amsa sunan Abdulkarim, aka ba shi masauki, ya zaga kasuwa yana rubuta abin da ake saye da sayarwa. Yau in ka yi ƙarya a takardar neman bizar Ingila, haramcin shekara goma ke jiranka. Bayan masu yawon buɗe ido sai ga masu bindiga. A Fabrairun 1903 suka ci Kano, a Maris suka ci Sakkwato, ba su tattara ba sai 1960. Bizar Shengen kwana 90 take ba ka cikin kwana 180. Su shekara 57 suka yi ba tare da hatimin kowa ba. Mutumin da ya taɓa shiga gidan wani da sallama ya ƙare da riƙe makullin ɗakin maigida, ka ce kada ya ji tsoron sallama? Mugu shi ya san makwantar mugu. Wanzami kuma ba a san shi da son jarfa ba.

Wani ƙazafin da ake yi musu shi ne wariyar launi. Ƙarya ce. Ba ruwansu da launin fata, launin takardar kuɗi suke dubawa. A 2012 Fotugal ta fito da tsarin ba da izinin zama ga duk wanda ya sayi gida na yuro 500,000, Sifen ta bi sahu a 2013. Malta ma har fasfo ta riƙa sayarwa, sai da kotun Tarayyar Turai ta tsawata mata a 2025. Wanda ya wawushe kuɗin asibitin garinsu ba ya tsayuwa a gindin katanga, shi an gamsu yana da abin da ya ɗaure shi da gida. Kuma duk abin da ya fito daga Afirka suna maraba da shi, matuƙar ba ya numfashi ko kuma ya iya allura. Yuraniyom ɗin Arlit ya shekara da shekaru yana haska fitilun Faransa, ba a taɓa tambayarsa ranar komawa ba. Tagullan Binin da sojan Ingila suka kwasa a 1897, da yawansu har yau suna zaune a gidan tarihi na Landan, ba wanda ya ce sun wuce wa'adi. Jikan maƙerin da ya ƙera su ne kawai sai ya nemi biza kafin ya gan su.

Ni da Allah Ya ci da ni na samu biza a nema na uku, ta dalilin wani taron aiki, Gwaggo ta ɗora mini kayan jego in kai wa 'yarta: yaji, kanwa, daddawa, man shanu a kwalba, da kilishi da ta sa aka yi musamman. A filin jirginsu wani kare ya zo ya zauna a gefen jakata, cikin ladabi. Jami'in kwastan ya sa safar hannu, ya ɗaga kilishin da yatsa biyu kamar ya tsinci mushe, ya yi mini bayani da murmushi cewa ba a shigo da nama ko kayan madara. Ya jefa shi a wani kwando, man shanun ya bi baya. Daddawa ce ta kusa sa a tara mini jama'a. Na yaba ƙwarai. Ƙasar da za ta iya tsayawa haka a kan kilishi rabin kilo, lallai ba abin da zai ci ta da yaƙi.

Kuma ba su rufe kowace hanya ba, saboda adalci. Wanda aka hana ta sama, ga Agadas nan, ga hamada, ga Libiya, ga Bahar Rum. Can ba fom, ba hoto mai farin bango. A 2016 kaɗai sama da mutum 5,000 ne suka mutu ko suka ɓace a tekun nan. Teku ba ta tambayar bayanin banki, kuma ba ta taɓa maido da kowa don bai gamsar da ita ba.

Zai zama rashin adalci in na rufe baki ban yaba wa namu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shugabanninmu kuwa sun yi aiki tuƙuru wajen tsaga shi. Su suka kula da asibitoci har ma'aikatan jinya suka gwammace wankin tsofaffin wasu, su suka riƙe naira har yuro 90 ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Kuma da yake ɗalibai ne masu hazaƙa, sun kwaikwayi darasin a kan junansu: a 2024 Aliko Ɗangote da bakinsa ya ce sai ya nemi biza 35 kafin ya zaga Afirka. Chadi kuwa ta nuna rashin tarbiyya, da Amurka ta sa 'yan ƙasarta a jerin waɗanda ta hana shiga a Yunin 2025, ita ma ta dakatar da ba Amurkawa biza. Ina aka taɓa yin haka? Yaro ya rama wa babba?

An yi suna, Gwaggo ta halarta ta gilashin waya, tana miƙa hannu kamar za ta karɓi jaririn. Mai jego ta yi wankanta ita kaɗai, ta koma bakin aiki wajen tsofaffinta. Yanzu yaron har ya fara tafiya. Jiya Gwaggo ta aiko a kira ni, na tarar ta sayar da akuya biyu, ta ƙulle kuɗin a bakin zane.

Ta ce, "Ɗan nan, a sake gwadawa. Wataƙila wancan karon ban gaishe shi da kyau ba ne."

Ka ji tarbiyyar da suka dasa. Sun karɓi kuɗinta, sun kira ta maƙaryaciya a rubuce, ita kuma laifin kanta take nema. Na karɓi kuɗin, zan kai musu amanarsu. Addu'ata gare su ɗaya ce, kuma ina roƙon mai karatu ya ce amin: yadda suka karɓi Gwaggo, Allah Ya sa a karɓe su haka, daidai wa daida, ranar da za su tsaya a layi a ƙofar da ba tasu ba.