Na Yi Wa Windows Kishiya, Gidan Bai Rushe Ba

Tun daren da na faɗa a majalisarmu ta bayan Isha'i cewa na yi wa Windows kishiya, wato Linux, a laftof ɗina, ban sake shan shayi da daɗin rai ba. Wannan ya ce na ɗebo ruwan dafa kaina. Wancan ya leƙa allon, ya ga hoton tsuntsun nan mai tumbi, tambarin Linux, ya ce daga gani aikin 'yan damfara ne. Dattijon cikinmu kuwa sai ya gyara hula ya yanke hukunci: "Araha ba ta ado. Abin da aka ba ka kyauta, ka bincika, akwai lauje cikin naɗi." To, na san ba su kaɗai ba ne. Ku ma masu karatu na ga yadda kuke taɓe baki, don haka ku matso mu yi ta ta ƙare.

Alhaji mai tsoron kyauta, da kai zan fara, kuma da girmamawa. Ranka ya daɗe, wayar Android da ke aljihun babbar rigarka, a kan ƙashin bayan Linux take tafiya. Ka shekara nawa kana kwana da amaryar nan a ƙarƙashin matashin kai ba ka sani ba? Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya bar asirinta a buɗe: kowa ya duba yadda aka ɗinka ta, ya gyara, ya raba. Tun 2017 kuwa kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Sannan ina da 'yar tambaya, in ba za ka yi fushi ba. Ita Windows ɗin da ke kwamfutarka, wadda rubutu yake leƙowa a ƙasan allo ta hannun dama yana roƙon a biya mata sadaki, nawa ka saye ta? Ashe dai kowa na son banza, ta halal ɗin ce kawai ake wa kallon hadarin kaji.

Ba sakin uwargida na ce ku yi ba, a nan ne kuke kasa fahimtata. Gida ɗaya ne, wato rumbun ajiyar kwamfuta, sai a ja katanga a tsakiya. Windows ta matsa da kayanta gefe guda, a yanka wa amarya gig 40 ko 50 ta shimfiɗa tabarmarta. Da ka kunna kwamfuta sai wani ɗan dogari mai suna GRUB ya tare ka a zaure da baƙin allo: yau ɗakin wa za ka? Ka zaɓa da kibiya, ka shiga. Rabon kwanan ma babu mai kai ka ƙara wajen alƙali, ko wata guda ka yi a ɗaki ɗaya.

Zance kuwa kafin aure ya halatta a wannan harka, har ma shi ne mustahabbi. Ka samu filashi mai gig 8, ka sauko da Linux Mint ko Ubuntu, ka zuba da 'yar manhajar nan Rufus. Ka kunna kwamfuta kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko yawancin Lenovo. Amarya za ta fito daga filashin ta zauna a kan allo ba tare da ta taɓa ko cokalin uwargida ba. A nan za ka gwada ko tana kama intanet, ko sauti na fita, ko firintarka ta amsa sallamarta. In jininku bai haɗu ba, zare filashi, kowa ya kama gabansa, ba ko sisin kuɗin na-gani-ina-so. Af, ga masu cewa abin Turawa ne zalla: sunan Ubuntu kalma ce ta Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka, kuma ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, shi ya ƙaddamar da ita a 2004.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don na san shi kuke jira. Karo na farko da na yi wannan haɗi, wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, ido na lumshewa, baturi saura kaɗan. Allo ya kawo zaɓi: ko a zauna tare da Windows, ko a share gidan gaba ɗaya. Ni da rawar kai, ban tsaya karantawa ba, na danna na biyun. Cikin 'yan mintuna na kori uwargida, na haɗa da kayan ɗakinta, da takardun aikina, da hotunan sunan 'yarmu ta fari. Da safe mai ɗakina ta ce, "Baban Ummi, turo min hoton nan da aka yi wa yarinya aski." Na ce mata kwamfuta na ɗan hutawa. Hutun nan har yau ba a gama ba, kuma duk sallah sai an tuna min. Ku yi dariya, kun ci bashi. Amma laifin na yatsana ne, allon ya gargaɗe ni ƙarara. Wanda ya kwafe kayansa a wani rumbun na waje kafin ya fara, ya jona caja, ya bar aikin dare, ba zai shiga wannan layin ba.

Kishi kuwa akwai shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amarya tana shiga ɗakin uwargida ta ɗauko maka takarda ko waƙa, ita kuwa Windows ko gaisuwa ba ta yi, ba ta ma karanta abin da ke ɗakin Linux, kamar babu kowa a ciki. Tana da wata ɗabi'a ta saurin farkawa: ka ce ta kashe, sai ta yi likimo da makulli a ƙugu, Linux ta zo ta iya dubawa amma ta kasa ajiye komai. Sai ka shiga saitin wuta na Windows ka kashe wannan ɗabi'ar. Wani lokaci bayan ta sabunta kanta sai ta tura dogari gefe ta riƙa buɗe ƙofa da kanta, sai ka koma saitin farko na kwamfuta ka mayar da shi gaba. Wanda ya fi haɗari shi ne kwaɗon BitLocker, da sababbin laftof da yawa ke zuwa da shi a kulle. Makullinsa lamba 48 ne. Nemo shi ka rubuta a takarda kafin ka taɓa katanga, in ba haka ba za ka tsaya a ƙofar gidanka kana sallama.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne rikicin agogo. Linux na saita agogon cikin kwamfuta a kan lokacin duniya na GMT, Windows kuma ta ɗauka lokacin garinku ne. Mu a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, saboda haka in ka fito daga ɗakin amarya sai ka tarar uwargida ta mayar da kai baya da awa guda. Mai dogara da agogon laftof wajen sahur, ladan zai kira Asuba yana tsakiyar tuwo. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi su kam sun huta, lokacinsu daidai yake da GMT. Gyaran rikicin agogon kuwa layi ɗaya ne.

Malam mai shagon buga katin biki, kai na ba ka gaskiyarka. CorelDRAW da Photoshop ba su da bugun Linux, kuma Inkscape da GIMP, duk da suna aiki, sai hannu ya sake koyo, ga amaryar gaske na jiran katinta gobe. Ai shi ya sa aka ce a haɗa, ba a kora ba. Wanda aikinsa bai wuce rubutu, lissafi, intanet da kallon fim ba, LibreOffice da Firefox da VLC sun ishe shi, har da madannin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ.

Ku kuma masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, ku duba kalanda. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, sai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro, TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba, alhali laftof ɗin hannu da yawa da muke saye a kasuwa ba su cika sharaɗin ba. Lafiyarsu ƙalau, ƙarfe ne kawai aka ce ya yi ritaya. Linux Mint ba ta tambayar shekarun ango.

Dattijon majalisarmu dai, mai cewa araha ba ta ado, ran Juma'ar da ta wuce ya ja ni gefe bayan an watse, ya rage murya ya ce, "Kai yaro, filashin nan naka yana kusa?" Yana kusa, Baba. Duk mai so ya zo ran Asabar da hantsi da cajarsa, amma ya fara kwashe hotunan Hajiya tukuna.