Uwar Maƙerar Zamanin Dala

Kakana na wajen uwa maƙeri ne, ni kuwa malamin makaranta, ban saba ɗaga abin da ya fi alli nauyi ba. Amma tun ranar da na raka ɗalibai Gidan Makama na ga kayan da a jere, sai abu ya shiga kaina: ni ma sai na tara kayan ƙira irin na kakanni. Na soma da wani awartaki mai karyayyen baki, na ƙara da masaba, sannan zugazugin fatar akuya wanda ya mai da ɗakin karatuna kamar majema. Uwargida ta raɗa wa ɗakin suna bola. Na ce mata ai tarihi ne. Ta ce to tarihin nan wari yake.

Saura uwar maƙera. Ita na samu wajen wani dillali a wata kasuwar ƙauye, dunƙulen ƙarfe ja wur da tsatsa, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Ya rage murya ya ce daga gindin Dala aka tono ta. To a nan ilimi ya kashe ni. Maimakon in yi shiru in taya, sai na gyara tsayuwa na shiga ba shi darasi: yadda ake cewa maƙeran Gaya ne suka zo Dala neman tama, da yadda masu binciken tarihi suka gano alamun narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Yana gyaɗa kai, yana "ikon Allah", kuɗi na hawa. Da na kai ƙarshen darasi, abin da ya faro a dubu 15 ya tsaya a dubu 40. Ni da bakina na yi wa kaina tsada, har ina yi masa godiya.

Na ji an ce tsami na cin tsatsa. Da na duba ɗakin girki sai ga tsamiyar da uwargida ta tanada don kunun azumi, kwano biyu cur. Na jiƙa ta a babban bahon wanki, na tsoma uwar maƙera, na rufe da tabarma kamar mai ɓoye kayan sata. Kwana uku ruwan ya koma baƙi ƙirin, bahon kuma ya tsage saboda nauyi. Na zauna da soson waya ina dirza har yatsuna suka yi kanta. Can sai ga rubutu ya fara fitowa a gefe! Gabana ya faɗi don murna. Na ce shi ke nan, ajami ne, sunan maƙerin Sarki Rumfa zan gani. Na ɗauko tabarau, na juya ta nan, na juya ta can. Rubutun dai ya ƙi karantuwa daga dama, sai daga hagu.

Na ɗauki a-daidaita-sahu na kai ta wajen wani tsohon maƙeri a unguwarmu. Na tarar yaronsa na zuga, gawayin ƙirya ya yi jajir, shi kuma yana ƙera lauje. Bai ma ajiye guduma ba, kallo ɗaya ya yi mata.

"Malam, wa ya sayar maka da layin dogo?"

"Baba, ta Dala ce fa."

"To ashe jirgin ƙasa ya bi ta kan Dala ban sani ba."

Yaron ya saki zugazugi ya kwanta da dariya. Tsohon ya nuna mini tasa uwar maƙerar, wani ƙarfe mai kama da turke, kansa ya baje don shan duka, an kafa shi daram. Ya ce ta kakansa ce, kuma ɗan gado ba ya kai irinta kasuwa. Tun da jirgi ya iso Kano a 1911, in ji shi, guntayen ƙarafan Turawa suka yawaita, narka tama ya ja baya, shi ya sa wasu ke ƙira a kan guntun dogo. Na nuna masa hoton sauran kayana a waya. Ya daɗe yana duban awartakin, ya ce wannan kam aikin hannu ne na da, in riƙe shi da kyau. Na ɗan farfaɗo.

Ina shiga gida na tarar da sabon baho a tsakar gida, ga tsamiya a kwano. Na leƙa ɗakin karatu, wayam.

"Ina kayana?"

"Maigida, ai ɗan jari bola ya wuce ɗazu. Ya ɗora su a sikeli, kuɗin ya isa baho da tsamiya har da canji. Fatar ce kawai ya ce ko kyauta ba ya so."

Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba. A layi na uku na cim masa yana tura kurarsa, ga awartakina a kan wani mataccen janareta. Na yi niyyar in ce ƙarfen banza ne, amma haki ya riga ni, na ce, "Don Allah dawo mini da shi, kayan tarihi ne."

Ya tsayar da kura, ya ɗauki awartakin ya hure masa ƙura a hankali.

"Alhaji, ai wannan daga gindin Dala aka tono shi."