Bashin Alhaji da Kwamfutar da Ba Ta Son Hutu

Gara ce ta jawo mana. Ta shiga littafin bashin taki na ƙungiyarmu ta manoma, ta cinye shafukan manyan masu bashi tas, ta bar mana na 'yan tiya-tiya. Ƙungiyar kuwa ba ƙarama ba ce, membobinta sun bazu daga Funtua zuwa Bakori, Ƙafur har Malumfashi. Da bazara mu karɓo kamfa da yuriya bashi a hannun dila mu rarraba, da kaka kowa ya biya: wani da kuɗi, wani da masara, wani da waken suya, wani da "Allah ya kai mu baɗi."

Taron gaggawa ya yanke a sayi kwamfuta. Ni aka tura Kano, don ni ne sakatare, tsohon malamin makaranta, kuma ina da tabarau. A titin Beirut na samo laftof 'yar Kwatano, baƙa, mai nauyin mutunci. Mai shagon ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da ita, ita ma sai ranar Lahadi. Duk wanda ya taɓa sayen mota ko firij na hannu ya san tsohuwar nan. Ita kaɗai ta wadata Arewa da kaya.

Ɗan yayata ya koya mini Excel, na duƙufa shigar da sunaye. Muddin yatsuna suna kan maɓallai, kwamfutar nan ba ta da laifi ko ɗaya. Amma in ɗaga hannu in sha ruwa, ko in fita alwala, in dawo in tarar ta sandare. Allo na nan da haskensa, lambobi na nan a jere, kibiya ta kafe wuri guda. Ka danna, ka murza, ka roƙa, shiru. Sai ka danne maɓallin kashewa, ta tashi fes, duk abin da ba ka adana ba ya bi ruwa.

Akwai wani Alhaji a cikinmu, mutumin wajen Bakori, wanda lissafinsa ba ya yiwuwa sai an dafe kai. Ya karɓi buhu 20 na kamfa da 9 na yuriya. Ya biya wani ɓangare da waken suya, ya dawo ya karɓe buhu 2 don bikin 'yarsa, ya kawo rago wai a ƙiyasta kuɗinsa, ragon ya mutu kafin a ƙiyasta. Duk sanda na iso layinsa dole in saki kwamfuta in koma ƙirga da yatsu. Kafin in gama ta tafi. Na gaya wa Ma'aji cikin raha cewa na'urar nan ba ta iya wuce sunan Alhaji. Ma'aji ya gaya wa mutum ɗaya tak, a majalisar mai shayi.

Kafin kasuwar Dandume ta sake ci, labari ya gama gari: Alhaji yana da malamin da ke shafe bashi ko a cikin injin Nasara. Wasu ma suka ce garar da ta ci littafi aiko ta aka yi. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya ƙara girman rawani. Mutane suka riƙa kai masa goro da dare suna neman a yi musu hanya.

Na ɗauke ta zuwa wajen masu gyara. Yaron farko, kusa da tasha, ko buɗe ta bai yi ba ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin, ya caje ni. Na biyu ya kwance bayanta ya zaro dunƙulen ƙura da kaɗa daga fanka, ya ɗaga sama yana nuna wa maƙwabta. Wannan ba abin mamaki ba ne a Funtua, garin da ake gurzar auduga tun zamanin kamfanin BCGA na Turawa, har unguwa ta ci sunan. Ya ce da na ƙara wata guda da sai a kai wa masaƙa. Na uku ya canja ram. Abin haushin, a shagon kowannensu lafiyarta ƙalau. Da na juya baya za su jona mata memorin kwastomomi su hau tura fina-finai, ta yini tana aiki ba tari ba atishawa. In na dawo su dube ni da tausayi. Ɗaya har ya ce, "Baba, ko dai hannunka ne?"

Ɗan yayata ne ya gano maganin, ba da niyya ba. Ya sace ta da dare ya kalli fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, awa uku cur, ba ta ko gezau ba. Da safe na kama shi zan yi faɗa, sai tunani ya tsayar da ni. Na ce ya sake kunna fim ɗin, ya matse shi a kusurwa, na buɗe lissafi a gefe. Na ɗaga hannu. Na je na yi alwala, na yi walaha, na dawo. Tana raye. Na kashe fim, na naɗe hannu, ba a jima ba ta sandare.

Daga ranar na zama mai lissafin taki da rakiyar 'yan rawa. Nakan soka iyafis a jikinta don toshe mata baki, in ajiye shi a kan tabarma. Wani dare uwargida ta shigo da kunu ba sallama mai ƙarfi. A kusurwar allo mata kusan arba'in suna juyi cikin ruwan sama.

"Malam, wannan ne lissafin takin?"

"Wallahi magani ne."

"Na wa?"

"Na kwamfuta."

Ta ajiye kofin a hankali. "To, Allah ya ba ta lafiya."

Washegari ƙanwarta ta kira ni daga Zariya tana tambaya ko akwai abin da ke damuna.

Babban taron kaka a Malumfashi aka yi shi, a ajin wata firamare, ranar Asabar. Ciyaman ya ce bana kowa zai ga bashinsa da idonsa, don haka aka aro ƙatuwar talabijin daga gidan kallon ƙwallo, da janareta. Dila ya zo da ƙaramar jakarsa, ya zauna a gaba. Na kunna fim tun a waje, na ɓoye shi bayan lissafi, na soka iyafis. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kowa ya sunkuyar da kai. A daidai nan yaron gidan ƙwallo ya ga dama ta samu, ya jona wayar talabijin. Ashe da an jona wayar nan sauti yakan bar iyafis ya koma talabijin, ita kuwa an saba ƙure ta don ihun Firimiya.

Liman yana "Allah ka ba mu damina mai albarka," sai ganguna da sarewa suka amsa masa, wata mace ta callara murya. Wani dattijo ya ce amin kafin ya gane. Na daka tsalle na rufe fim ɗin, hannuna na rawa. Liman ya shafa fatiha a gajarce, ya dube ni ta saman tabarau, kallon da har yau nake ji a ƙeya.

Ciyaman ya yi gyaran murya. "Malam Sakatare, karanto."

Na riƙa murza shafi da sauri, ina karanto suna ina wucewa, don kada ta sami sararin numfashi. Muka iso layin Alhaji. Wani daga baya ya miƙe ya ce a tsaya, ina maganar rago? Gardama ta kaure: rago ya mutu a hannun ƙungiya ne ko a hannun mai shi? Ni ina zaune ina kallon kibiya, ina addu'a a zuci. Da Ciyaman ya ce a sauko ƙasa a ga jimla, na taɓa. Ta tafi. A gaban mutum sama da ɗari, a ƙaton allo, da sunan Alhaji a tsakiya. Can kuma allon ya yi baƙi.

Ajin ya ɗauki kabbara. Alhaji ya shafa gemu, ya dubi silin.

Dila ya ce shi ba ya barin Malumfashi sai da lissafi. Na matsa kunnen Ciyaman na faɗa masa gaskiyar maganin. Ya matsa kunnen Liman. Liman ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce lalura ce, a kashe sauti, a rufe wurin da kwali. Aka yanko kwalin indomi aka manna a kusurwar talabijin. Kwalin ya gaza, ƙafafun 'yan rawa suna leƙowa ta ƙasa, wani tsoho mutumin Ƙafur ya ja kujerarsa ya dawo gaba wai ba ya ganin lambobi da kyau. Alhaji ya miƙe tsam, ya ce shi ba za a karanta sunansa a kan ƙafafun matan da ba muharramansa ba, ya fara naɗe babbar riga zai fita.

Sai wata yarinya da ta kawo wa mahaifinta fura ta yi magana daga bakin ƙofa. Ɗaliba ce a jami'ar tarayya ta Dutsin-ma, tana karatun kwamfuta. Ta durƙusa ta gaida manya, ta juyo gare ni.

"Baba, babur ɗinka ya taɓa mutuwa in ka tsaya a mararraba, alhali a guje lafiya lau yake?"

Rabin ajin suka amsa a madadina: "Silo!"

"To silonta ne ya faɗi."

Bayanin da ta yi, da wanda na bi ta na ƙara tambaya daga baya, ga shi. Furosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafi a cikin kwamfuta, ba da gudu ɗaya yake aiki ba. In aiki ya taso yakan hau har bugu biliyan 2 da rabi ko 3 a daƙiƙa guda. In babu aiki ya sauko wajen miliyan 800, a kuma rage masa ƙarfin wutar da ake ba shi. Hawa da saukar nan sau da yawa yake yin su cikin daƙiƙa ɗaya, mai kwamfuta bai sani ba. Ribar tana da yawa, domin cin wutarsa ba kai-da-kai yake bin boltej ba: in aka rage boltej da rabi, cin wutar kan faɗo zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga ragin gudun kuma a kai. Batir ya daɗe, zafi ya ragu. Kamfanin Intel ya fito da dabarar a shekarar 2000 da sunan SpeedStep, a furosesan Pentium III na laftof. AMD suka kawo tasu, PowerNow!, sannan Cool'n'Quiet a 2003. A 2008 Intel suka ƙara Turbo Boost, mai ba furosesa damar zarce gudunsa na ƙa'ida in zafi bai yi yawa ba.

Dabarar ba ta da aibu, ni dai a ganina. Sai dai tana buƙatar a miƙa wa furosesa daidai wutar da ya nema a daidai lokacin da ya nema. Masu wannan aikin 'yan ƙananan kayayyaki ne a jikin allon ciki, musamman kafasito, su kuwa zafi da shekaru suna cinye ƙarfinsu. Tamu ta sha shekarunta wajen tsohuwar Baturiya, ta zo ta sha zafin Afrilu, ga caja ta kasuwa, ga wutar janareta mai hawa da sauka. In furosesa ya sauko ƙasa aka rage masa wuta, ko ya zabura zai hau, sai wutar ta gaza na ƙiftawar ido, ya yi kuskuren lissafi, komai ya tsaya cik. Fim kuwa ba ya barin sa ya sauko can ƙasa inda ramin yake. Matan nan arba'in aikin ƙungiya suke yi.

Ta ce kada mu ga laifin talaucinmu kaɗai. A 2024 masu sababbin kwamfutoci na tebur masu tsada, furosesan Intel zubi na 13 da na 14, sun sha irin wannan faɗuwa ta ɗaya gefen: wutar da furosesa ke nema don kai ƙololuwar gudu ta yi yawa har tana lalata shi. Kamfanin ya amsa a watan Yuli na shekarar, ya fitar da gyara, ya ƙara wa masu su garantin shekara 2. Ma'aji ya tambaya ko mu ma za a ƙara mana. Ta ce a tambayi tsohuwar.

Ta zauna a kujerata, ta shiga wurin saitin wuta na Windows, can ciki inda ban taɓa leƙawa ba. Akwai layin da ke faɗin iyakar ƙasa da furosesa zai iya saukowa, an rubuta kashi 5 cikin 100. Ta goge ta rubuta 100. Ta rufe fim ɗin, ta ɓare kwalin, tsohon Ƙafur ya yi tsaki. Fanka ta ɗauki ƙugi. Ta ce batir ba zai ƙara daɗewa kamar da ba, kuma kada in ɗora ta a cinya ko a katifa. Maganin gaske shi ne a canja kafasiton da caja, ko a sayi wata. Ma'aji ya kama tari.

Ciyaman ya ce a buɗe layin Alhaji, kowa ya cire hannu. Muka zauna muna kallo. Janareta na kuka a waje, fanka na kuka a ciki, sunan Alhaji na tsaye da jimlarsa a gefe: saura buhu 14, ban da rago. Ciyaman ya ɓare goro ya ci a tsanake. Ya aika a sayo ruwan leda, aka kawo, aka sha. Ya ce in taɓa. Kibiya ta motsa.

Masu kai goro da dare suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya suna duban Alhaji. Wani ya ce a hankali, shi har da zakara ya kai. Dila ya buɗe jaka ya zaro biro.

Da aka watse ina naɗe waya, na hango Alhaji ya tare yarinyar a bakin ƙofa, ya rage murya, hannunsa cikin aljihu.

"'Yata, Allah shi yi maki albarka, kin yi ƙoƙari. Wagga lamba da kika ɗaga, nawa ne a maida ta 5?"