Yadda Ɗalibi Zai Ci Sifili a Firakshan Ba Tare da Gumi Ba

Ɗalibi, idan kana son malamin lissafi ya haddace sunanka saboda takaici, ga hanya.

Da an ba ka 84/126 an ce ka rage shi, kada ka kuskura ka farfasa lambobin. Wannan aikin 'yan gaban aji ne. Su ne ke ɗaukar 84 su yi ta raba ta da lambobin nan masu taurin kai, waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. Sai 84 ta zama 2×2×3×7, ita kuma 126 ta zama 2×3×3×7. Abin da sama da ƙasa suka yi tarayya a kai, wato 2 da 3 da 7, sai su soke shi, a bar 2/3. Kai kuwa raba da 2 sau ɗaya ya ishe ka. Rubuta 42/63, ka ajiye biro, ka miƙe ƙafa.

Wani zai kawo maka zancen Yuklid, masanin nan na Iskandariyya da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dabararsa ta fi sauri: raba 126 da 84, saura 42; raba 84 da 42, babu saura. To 42 ce babbar lambar da ke raba su duka biyun. Ka ce masa zancen ya tsufa.

In ka ga 51/68, ka rantse 51 ba ta rabuwa. Kada ka tuna cewa 3 sau 17 ce, balle ka lura 17 tana shiga 68 sau huɗu, amsar ta fito 3/4.

Amma sarkin dabaru shi ne soke duk lambar da ido ya ga ta yi kama. A 16/64, soke 6 ta sama da 6 ta ƙasa, ka samu 1/4. Abin mamaki, daidai ne! Haka 19/95 za ta ba ka 1/5, shi ma daidai. Katari ne kawai, amma kai ka ɗauka ilhama ce. Yanzu gwada a 12/24: soke 2 da 2, ka rubuta 1/4, alhali amsar rabi ce.

Don Allah dai, ranar rabon gado a gidanku kada ka karɓi biro. Da wannan lissafi, magajin da ke da rabi zai tashi da rubu'i.